Audugar Nerina

A garinmu, nan gefen Modena, mutum ba ya cewa yana aiki a kamfanin mota ya yi shiru, dole a tambaye shi, "A wane ɓangare?" In ya ce inji, sai a ja masa kujera a shagon kofi. In ya ce fenti ko ɗinkin fata, a gyaɗa kai. Ermes Zanasi kuwa in ya faɗi nasa dariya ake yi, domin shi aikinsa sa wa motocin gudu rediyo.

Yanzu ya haura saba'in, yana zaune shi kaɗai a saman bene, bisa shagon mai burodi. Matarsa Nerina ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage masa na muryarta kaset ɗaya ne, kuma kunnensa ba ya kama abin da ke ciki. Wannan ne ciwonsa, kuma ya san da hannunsa ya jawo wa kansa.

Kamfanin da ya yi wa aiki ƙarami ne, da hannu ake haɗa mota daga farko har ƙarshe. Mota ce mai kujera biyu, ta kwanta ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga, injin kuma yana nan bayan kafaɗar direba yana ruri. Mai kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa wanda ya sayi motarsa ya kunna rediyo, daidai yake da wanda aka dafa wa taliyar tortellini cikin miya ya barbaɗa musu sukari. To amma masu saye daga Jamus da Amurka sun dage sai da rediyo, kuma ba a faɗa da mai saye. Sai aka ɗauko Ermes, saurayi siriri wanda ya koyi gyaran rediyo a shagon kawunsa, aka ba shi wani lungu kusa da wurin wanke hannu, aka ce ya san yadda zai yi.

Ranar farko ya haɗu da Wainer Malavasi, direban gwaji, mutum mai faɗin ƙirji da bakin da ba ya hutawa. Wainer ya tsaya a kansa yana kallon wayoyi da lasifika.

"Kai ne sabon? Me ka zo yi mana?"

"Kiɗa zan sa wa motar."

"Ai da kiɗanta aka haife ta, mutumina. Inji mai tukunya goma sha biyu ne a bayanka, kowace da bakinta. Kai kuma ka zo da gwangwani za ka taya su." Ya juya ya ɗaga murya. "Jama'a, ku zo ku gaida Sarkin Rediyo."

Sunan ya bi shi har ya bar aiki. Abokantaka ma daga nan ta fara, domin a wajen Wainer zolaya ita ce gaisuwa.

Aikin ba wasa ba ne, ko da yake ba wanda ya yarda da haka sai shi. A motar iyali akwai fili, ka sa lasifika inda ka ga dama. A waɗannan kuwa ƙofa ba ta da kauri, wurin da ya rage kawai can ƙasa ne wajen idon sawun direba. In mota tana tsaye sautin ya fito tas. Da an tashe ta an hau kwalta, inji ya cinye kaurin kiɗan, taya ta cinye tsakiya, iska ta kwashe saura, sai ka ga bakin kaset yana juyawa ba ka jin komai. Wasu kamfanonin sukan ƙara ƙarfi kawai su wuce. Ermes bai yarda da wannan ba. Ya ce kowane inji yana da inda yake barin ɗan fili, kuma a wannan filin za a shigar da muryar mutum. Kafin ka san filin kuwa sai ka san injin, shi ya sa ya fara zuwa ɗakin gwajin inji.

A wannan ɗakin ake ɗaure sabon inji a kan ƙarfe, a ba shi wuta har bango ya riƙa rawa. Akwai abin toshe kunne rataye a ƙusa, hukuma ta sa aka sayo, kuma ƙura ta yi masa riga. Ba wanda yake taɓa shi. A wajen mutanenmu da kunne ake gane lafiyar inji, wanda ya toshe kunne a gabansa ya nuna ke nan bai san aiki ba, ko kuma tsoro yake ji. An taɓa yin wani baƙo daga Torino da ya sa, aka yi ta kiransa 'yar gata har ya nemi canjin wuri. Ermes ya kalli ƙusar nan ranar farko, ya kalli Wainer da sauran suna tsaye hannu a aljihu. Ana yi masa dariyar rediyo, ya ga ba zai iya ɗaukar dariya ta biyu ba. Ya sa hannu a aljihu shi ma.

Nerina a lokacin amaryarsa ce, tana murza taliya a wani gidan abinci. Mace ce gajera mai ƙarfin damtse, ba ta da kewaye-kewaye a magana. Ubanta maƙeri ne wanda ya kurmance tun tana yarinya, ta tashi tana yi masa magana da hannu. Don haka ranar da Ermes ya dawo gida yana girgiza kai yana cewa kunnensa na ƙugi, ba ta yi dariya ba.

"Ka toshe kunnenka a ɗakin nan."

"Ba a yi, Nerina. Ba ki san wurin ba."

"Na san kurma. A gidanmu na baro shi."

"Da kunnen nake aiki. In na toshe da me zan ji?"

"Da wanda za ka ji ni in mun tsufa."

Washegari ya buɗe kwanon abincinsa da rana, ya tarar da burodi da cuku, ga kuma ɗan dunƙulen auduga a gefe, naɗe a takarda. Haka jibi, haka gata, haka har gashinsu ya yi fari. Ba ta taɓa fashi ba.

Shi kuma ya samar wa audugar aiki. Ƙofar motar gudu tana da ƙananan ƙarafa da wayoyi a ciki, in lasifika ta buga sai wani abu ya riƙa kaɗawa, zirr, zirr, ya ɓata komai. Wata rana yana neman abin da zai cusa, hannunsa ya faɗa kan audugar Nerina. Ya tura ta bayan ƙarfen da sukundireba, ƙarar ta ɗauke. Daga ranar duk motar da ta bi ta hannunsa da audugar Nerina a cikin ƙofarta ta fita duniya. In ya dawo gida ta duba kwano ta ga babu auduga, sai ta kalle shi. Wani lokaci ta tambaya, ya ce, "Na yi amfani da ita." Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi gaskiya ba, kuma ina ganin ita ma ta sani.

Kaset ɗin kuwa wata Lahadi da safe aka yi shi. Ermes yana neman sautin da zai riƙa gwada kowace mota da shi, wanda ya sani sarai, yadda in mota ta ɓata shi zai gane nan take. Ya gwada faifan mawaƙa iri-iri bai gamsu ba, don bai taɓa jin su ido da ido ba. Yana cikin haka ya jiyo Nerina a kicin tana murza taliya tana rera wata waƙar da ta koya wajen uwarta, irin ta matan da kan je cire ciyawa a gonakin shinkafa. Ya lallaɓa ya ajiye na'urar ɗauka a kan kabad.

Abin da ya samu ya fi abin da ya nema. Akwai sandar murji tana buga katako, dum, dum, wannan ya ba shi ƙasan sauti. Akwai muryarta a tsakiya, mai ɗan kaushi, ba ta gwanaye ba. Can sama kuma akwai wani ɗan ƙaramin sauti, zoben aurenta yana taɓa bakin kwanon gari duk sanda ta kai hannu, ƙil. Da waƙar ta ƙare sai a ji ta yi dariya, ta gano shi, ta ce ya kashe abin nan, sannan ta yi masa tambayarta ta kullum game da audugar.

Ya kwafi kaset ɗin ya kai wurin aiki, ya adana uwar, wato na asalin, a gida. In kwafin ya gaji ya sake wani. Yadda yake aiki shi ne, Wainer ya ja mota su bi hanyar da ke hawa duwatsu, a giya ta uku, inji yana tsakiyar rurinsa. Ermes yana gefe da sukundireba da ɗan akwatin gyara a cinya. Sai ya ji sandar, ya ji muryar, ya ji zoben, sannan ya ce mota ta yi. In zoben bai fito ba, a koma.

Da farko yakan bar kaset ɗin ya kai ƙarshe, Wainer ya yi ta dariya. "Ka ji uwar gida. Har a kan hanya ba ta ƙyale ka ba." Daga baya tambayar ta fara damun Ermes. Sai ya koyi danna maɓallin mayarwa daidai inda waƙar ta ƙare, kafin dariyar. Hannunsa ya saba har ba sai ya duba ba.

Kuma gaskiya motocin sun yi daɗin ji. Masu saye ba su san sunansa ba, amma ana faɗa a tsakaninsu cewa motar wannan kamfanin kana iya jin muryar mawaƙi kana gudu ba tare da ka rasa injin ba. Mai kamfanin bai taɓa yaba masa a fili ba. Sau ɗaya dai, a bikin ƙarshen shekara, ya miƙa masa kofin giyar inabi ta lambrusco ya ce, "Sukarin naka bai ɓata miya ba." Ermes ya yi shekaru yana maimaita wa Nerina wannan maganar, ita kuma ta ce in yabon ke nan Allah ya kiyashe ta da zagin mutumin.

Kunne ba ya tafiya rana ɗaya, shi ya sa mai shi ne na ƙarshen sani. Aka fara da tsuntsaye, Ermes ya ce sun ragu a unguwa saboda maganin feshi. Sai ƙararrawar ƙofa, ya canza ta har sau biyu. Sai ya fara cewa 'yarsu Ilaria tana cin magana, ta buɗe baki in za ta yi zance. Nerina takan kira shi daga kicin, shiru, sai ta zo ta tsaya a gabansa.

"Tsoho, da kai nake."

"Ai na ji, tunani nake."

"To me na ce?"

Sai ya kama wata maganar. Ta kawo zancen likita, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Mutumin da garin nan kaf ya san da kunne yake ci, ya je ya zauna a layin kurame? Ya ce ko a mafarki.

A cikin mota kuma zoben ya fara ɓacewa. Bai kawo a ransa cewa laifin nasa ba ne. Ya zargi masu kawo lasifika, ya ce kayan yanzu ba su da inganci. Ya zargi sabuwar fatar kujera, ya ce tana shanye sauti. Kowace shekara sai ya ɗan ƙara sirantar sautin sama har zoben ya dawo, ya ce yauwa. Wainer da ke gefensa ba zai iya gaya masa komai ba, don shi ma ɗakin gwaji ya cinye nasa kunnen. Kurame biyu ne suke hawa dutse suna sauka, suna yaba wa juna aiki.

Abin ya fashe a kan sabuwar motar da kamfanin ya fitar gab da ƙarshen shekarun casa'in, wadda aka sa wa rai ƙwarai. Ermes ya ba ta duk abin da ya sani, ya ce bai taɓa jin Nerina a fili kamar a cikinta ba. Motar ta fita, wata mujallar ƙasar waje ta rubuta cewa injinta abin a durƙusa masa ne, amma in ka kunna rediyon kamar ana kankare faranti da wuƙa a cikin kunnenka. Masu saye suka fara dawo da ƙorafi. A shagon kofi aka laƙaba wa motar suna Sauro.

Akwai wata injiniya da aka ɗauka ba da daɗewa ba, Bellei, mace mai natsuwa. Ta sa na'urar awo a kujerar direba ta auna, sannan ta kira Ermes ofis ta rufe ƙofa. Ba ta nuna masa takarda ba. Ta kunna wata 'yar na'ura a kan tebur ta zuba masa ido.

"Baba Ermes, me kake ji?"

"Ai ba ki kunna ba tukuna, Injiniya."

"Tana kunne tun da ka shigo. Ni har haƙorana take taɓawa."

Ya kalli na'urar, ga jar fitilarta tana ci. Ta ce ba wanda zai ji wannan daga bakinta, za a ce akwatin sautin ne ya zo da matsala, a kira motocin a canza. Haka aka yi, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cire aikinsa. Shi kuwa kafin bazara ya nemi ritaya. Ranar da ya kwashe kayansa ya bi ta ɗakin gwaji, ya ga sababbin ma'aikata kowa da abin toshe kunne, ba wanda yake yi wa wani dariya.

Da ya gaya wa Nerina, ya shirya jin "ai na faɗa maka". Ba ta faɗa ba. Ta wanke kwanon abincin ta ɗora can saman kabad, ta raka shi wajen likita aka ba shi na'urar ji. Na'urar tana kawo magana, amma kowa sai ya zama murya ɗaya, siririya, kamar daga cikin gwangwani. Ya ce gara shiru da wannan, yawanci a aljihun riga take kwana.

Sun samu 'yan shekaru tare a haka. Ta koma yi masa magana yadda ta yi wa ubanta, da hannu, da taɓa kafaɗa, da tsayawa inda zai ga bakinta. Sai ciwon huhu ya kama ta. A asibiti muryarta ta koma raɗa. Takan riƙe hannunsa ta yi ta magana, doguwar magana, idonta a kansa. Ya sa na'urar, ya kai kunne har bakinta, ba abin da yake samu sai hucin numfashi. Sai ya riƙa gyaɗa kai yana murmushi yana cewa, "Haka ne, haka ne." In Ilaria tana nan ta maimaita masa. Yawancin lokaci ba ta nan, tana wajen aiki. Har yau bai san abin da matarsa ta gaya masa a kwanakin nan ba, bai san abin da ya ce wa "haka ne" ba. Wannan ya fi zaman kaɗaicin ci masa rai.

Bayan an binne ta ya ɗauko uwar kaset. Mutum ne da ya san sauti, ya cika falo da lasifika, ya murɗa nan ya murɗa can. Abin ya ƙi. A ɗaki shiru ƙugin da ke cikin kansa ne yake tashi ya danne komai. Ya gwada a 'yar motarsa, injinta ba shi da muryar da za ta kwantar da ƙugin. Da na'urar ji kuwa wata mata yake ji tana waƙa, ba Nerina ba. Ya mayar da kaset ɗin cikin aljihun tebur, amma ba ya iya barinsa, duk bayan 'yan kwanaki ya sake gwadawa.

Wata safiyar kaka Wainer ya hau benen yana haki, ya buga ƙofa da sandarsa. 'Yarsa Loretta tana da garejin gyaran tsofaffin motoci a bayan gari, can yake yini yana hana ta aiki. In shi da Ermes suna hira duk layin sai ya ji.

"Sarkin Rediyo, sa takalmi. Sauro ta zo."

"Wace Sauro? Ai duk an gyara su."

"Ban da guda. Ta wani likitan haƙori ce, ya kulle ta a gareji bai taɓa kawowa ba, ƙila shi ma kurma ne. Ya mutu, 'ya'ya sun sayar. Wanda ya saya ya ce a cire kayan kiɗan kafin ya zo ɗauka. Gobe Loretta za ta cire."

Ermes ya tsaya riƙe da ƙofa. Kunya ce ta fara zuwa masa, domin motar nan ita ce abin da ya fi tsana a tuna masa. Sannan ya tuna abin da ya taɓa faɗa a kanta. Ya koma ciki ya buɗe aljihun tebur.

Motar tana tsakiyar gareji, shuɗiya, ƙofar fasinja a buɗe. Loretta, mace mai furfura a goshi da baƙin mai a hannu, ta riga ta kwance murfin ƙofar tana leƙawa.

"Sannu da zuwa, Kawu Ermes. Zo ka ga abin mamaki, wani ya cusa auduga a nan ciki. Mota mai tsada haka."

Ta zaro ta miƙa masa. Ta yi rawaya, ta taƙure, amma ita ce. Ya karɓa ya juya ta a tafin hannu.

"Ni na sa," ya ce. "Ba ni sukundireba, 'yata. In babu ita ƙofar za ta yi ƙara."

Ya gutsuri kaɗan ya riƙe, ya mayar da sauran inda take, ya ɗaura murfin da kansa. Bai manta wurin ko da ƙusa ɗaya ba. Loretta ta kalli ubanta, ta kalli kaset ɗin da ke leƙowa daga aljihun tsohon. Ta miƙa wa Wainer makulli.

"Baba, motar mutane ce. Ka dawo min da ita yadda take."

"Tun kina tsumma nake tuƙa irinta."

"Shi ne abin da yake ba ni tsoro."

Shiga ma sai da ta taimaka musu, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Wainer ya tayar da motar. Injin ya yi tari ya kama, rurin ya taso ta bayan kujera ya shiga ƙashin bayan Ermes. Ya cire na'urar ji ya sa a aljihu. Suka fita daga gari, suka wuce gonakin inabi da aka riga aka girbe, hanya ta fara hawa. Wainer ya sa giya ta uku ya riƙe totur a inda suka saba, ba sai an gaya masa ba. Ƙugin da ya yi shekaru a kan Ermes ya lafa ƙarƙashin na injin. Ya tura kaset.

Sandar ce ta fara zuwa, dum, dum. Sai muryar. Ba daga gwangwani ba, ba daga nesa ba, ita ce da kaushinta, da yadda take jan numfashi a tsakiyar baiti saboda tana danna kullu. Kicin ɗin ya dawo masa gaba ɗaya, har hasken taga a kan katako. Can sai ya ji zoben, ƙil. Motar da duniya ta yi wa dariya, ashe kunnen mutum ɗaya aka gyara wa ita, kuma ga shi a ciki.

Wainer ya kalle shi ta gefen ido, ya ga fuskarsa, ya mayar da idonsa kan hanya.

Waƙar ta zo ƙarshe. Hannun Ermes ya tashi da kansa ya nufi maɓallin mayarwa, kamar yadda ya saba. Ya tsayar da shi a iska, ya dawo da shi kan cinya.

Ya ji dariyarta, ta yarinya sabuwar aure. "Au, ɗauka kake yi? Kashe abin nan, don Allah." Aka ji ta ajiye sanda, muryar ta matso kusa. "Ermes, tsaya. Jiya ka sa audugar kuwa?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya kalli ɗan gutsuren.

"Ban sa ba, Nerina," ya ce. "Ban taɓa sawa ba."

Kaset ya ci gaba da juyawa babu komai a kai. Suka kai saman dutsen, inda suka saba juyawa. Wainer ya rage gudu ya ɗaga murya.

"Ta yi, ko a sake?"

A da in Ermes ya ji zoben sai ya ce ta yi, su koma kamfani. Ya danna maɓallin, ya jira kaset ya koma farko.

"A sake," ya ce. "Har sai mai ya ƙare."